"Ai Gaskiya Na Faɗa!" Shin Tona Asirin Masu Cin Amanar Aure Na Iya Zama Ƙazafi?

Ki ɗauka daren Alhamis ne, yara sun yi barci, maigida ya shiga wanka ya bar wayarsa a kan katifa. Ba ki yi niyyar dubawa ba, ita ce ta yi haske. Abin da kika karanta cikin minti biyu ya isa ya hana ki barcin mako guda. Kuma kin san matar. Ba baƙuwa ba ce daga Sakkwato ko Jega, 'yar unguwarku ce a nan Tambuwal, kun sha zama tabarma ɗaya a gidan suna.

Kafin asuba kin ɗauki hoton hirar da wayarki. Da hantsi kin tura wa yayarki da ke aure a Dogon Daji. Ita kuma ta tura wa aminiyarta a Kebbe, wai don a taya ki da addu'a. Kafin la'asar saƙon murya yana yawo a guruf ɗin matan unguwa, da sunan matar, da sunan mijinta, har da na babbar 'yarta da ake shirin kawo wa lefe bayan salla. Bayan kwana huɗu sai ga ɗan aike daga kotu da sammaci. Matar ta yi ƙarar ki, kuma laifin da ta ambata shi ne ƙazafi.

"Ƙazafi kuma? Ai gaskiya na faɗa!"

Duk wadda ta taɓa shiga irin wannan hali, ko ta ga 'yar'uwarta a ciki, ta san wannan amsar ce ke fara fita daga baki. A hankalinmu na yau da kullum ƙazafi ƙarya ne, wadda ta faɗi gaskiya kuwa ba ta da abin tsoro. To, 'yar'uwa, ki gyara zama, domin shari'ar da alƙalin Tambuwal ko na Kebbe zai buɗe a gabanki ba haka take kallon maganar ba.

Abin da alƙali zai tambaye ki

Alƙali ba zai fara da tambayar ko kin yi imani da abin da kika faɗa ba. Zai tambaye ki ne ko kin jingina wa matar zina, sannan ya ce ina shaidunki. Ƙa'idar tana cikin Suratun Nur, aya ta 4: wanda ya jefi kamilalliya da zina bai zo da shaidu huɗu ba, bulala 80 ce a kansa, ba a sake karɓar shaidarsa, kuma an kira shi fasiƙi. Malamai sun haɗu a kan cewa namiji ma yana da wannan kariyar idan shi aka jefa. Aya ta 13 ta ƙara wani abu mai nauyi, ta sanya waɗanda suka kasa kawo shaidun nan cikin maƙaryata a hukuncin Allah. Ki lura, ba a ce sai an binciko an gano ƙarya suka yi ba. Rashin shaidun kawai ya wadatar.

Shaidun ma ba irin na "na ga motarsa a ƙofar gidan" ba ne. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, sai maza huɗu adilai sun ga aikin da idonsu, a lokaci ɗaya, sun kuma bayyana shi ba tare da wani kauce-kauce ba. In ba haka ba, sai dai wanda ake zargin ya yi iƙirari da bakinsa, ko kuma ciki ya bayyana ga matar da ba ta da aure. Hoton hirar da ke cikin wayarki, komai ƙazantarsa, hira ya tabbatar. Bai tabbatar da abin da kika faɗa a saƙon murya ba.

Akwai wani labari daga zamanin Sayyidina Umar da ya kamata kowace uwa ta sani. Mutum huɗu suka zo ba da shaida a kan Mugira bin Shu'uba, wanda a lokacin shi ne gwamnan Basra. Uku suka ba da shaida dalla-dalla. Na huɗun ya bayyana abin da ya gani amma bai tabbatar da aikin kansa ba. Sai Umar ya sa aka yi wa ukun nan haddin ƙazafi, cikinsu har da sahabi Abu Bakra, wanda ya ƙi janye maganarsa daga baya. Ba na kawo wannan don a ce wane ya yi, wane bai yi ba. Wannan sanin na Allah ne. Abin lura shi ne mutum na iya sakankancewa da abin da ya gani, ya zama mutumin kirki da kowa ya yarda da shi, amma bulalar ta hau bayansa saboda hujjar ba ta cika ba.

Sannan ga wani wuri da ya shafe mu mata ƙwarai. Imam Malik ya tafi a kan cewa habaici ma na jawo haddi, matuƙar mai ji ya gane zina ake nufi. Wato wadda ta tsaya a bakin famfo ta ɗaga murya ta ce, "Mu dai ba a taɓa ganinmu muna tsallaka katanga ba," tana kallon wance, ba ta tsira ba don kawai ba ta ambaci suna ba. Haka wadda ta ɗora gugar zana a sitatus, duk unguwa ta san da wa take. Kore wa mutum ubansa shi ma ƙazafi ne. Kalmar "shege" da muke jefa wa ɗan maƙwabciya idan ya doki namu, ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, amma idan aka faɗe ta da nufin ma'anarta, uwarsa aka jefa.

Yarinyar Tsafe da matar Tungar Tudu

Kada ki ce wannan karatun zaure ne kawai. Ya faru a maƙwabciyarmu Zamfara, ba da jimawa ba bayan ta fara aiki da dokokin haddi. A watan Satumba na 2000, wata kotun shari'ar Musulunci a Tsafe ta yanke wa wata matashiya, Bariya Ibrahim Magazu, bulala 100 saboda an same ta da ciki ba aure. Da aka tambaye ta wanda ya yi mata, ta ambaci maza uku. Dukansu suka musanta, ita kuma ba ta da shaidun da shari'a ke nema. Sai kotun ta ƙara mata bulala 80 na ƙazafi. Daga baya an janye 80 ɗin, amma an yi mata 100 ɗin a ranar 19 ga Janairu, 2001, bayan ta haihu. Cikin nan dai wani ne ya yi shi, wannan ba ya buƙatar malami. Duk da haka ambaton suna ba tare da hujja ba ya kusa ninka mata azaba.

A nan jiharmu kuma, duniya ba za ta manta da Safiya Hussaini ta Tungar Tudu ba. A watan Oktoba na 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa. Mutumin da ta ambata ya musanta a gaban alƙali, aka sallame shi saboda babu shaidu huɗu. A ranar 25 ga Maris, 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Sakkwato ta rushe hukuncin. Cikin dalilanta akwai cewa abin da ake zargin ya faru ne kafin dokar ta fara aiki a jihar, kuma kotun farko ba ta bi matakan da ya kamata ba. Wannan kotun ɗaukaka ƙarar, ki sani, ita ce dai a saman kotunan shari'a na Tambuwal da Kebbe. Amina Lawal ta Katsina ma haka ta kasance: namijin ya rantse aka sake shi, ita kuma sai ranar 25 ga Satumba, 2003 aka wanke ta.

Ba zan ɓoye miki ba, waɗannan shari'o'in suna da ɗaci a bakin mace. Ciki yana tona asirin mace, namiji kuwa rantsuwa ɗaya ta fitar da shi. Duk wadda ta ce wannan bai taɓa damunta ba, ban yarda da ita ba. Sai dai ki juya maganar ta ɗaya gefen. Katangar nan ta shaidu huɗu da ta kare wanda kike ganin mai laifi ne, ita ce za ta kare 'yarki ranar da wani saurayi da ta ƙi ya ce ya san ta, ko ranar da wata mai jin haushinki ta ce ta ga ki fito daga wani shago da dare. Ita ma za ta rantse gaskiya ta faɗa. Da a ce rantsuwar mai zargi na wadatarwa, babu matar da za ta kwana da mutuncinta a garin nan.

To idan ma gaskiyar ce tsantsa?

Mu bar kotu mu dawo tsakaninki da Ubangijinki. A hadisin da Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Manzon Allah (SAW) ya bayyana giba da cewa ambaton ɗan'uwanka ne da abin da yake ƙi. Aka tambaye shi, idan abin yana tare da shi fa? Ya nuna cewa wannan ɗin ita ce gibar, idan kuma babu shi to an yi masa ƙage. Kin ga ke nan "gaskiya na faɗa" ba ta fitar da mutum daga laifi, sai dai ta canza wa laifin suna. Aya ta 19 a Suratun Nur ɗin ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son labarin alfasha ya yaɗu cikin muminai, kuma maɓallin turawa da ke wayarmu ya fi kowane maroƙi saurin yaɗa labari.

Wani abu a ƙissar ƙagen da aka yi wa Nana A'isha yana yawan dawo mini a rai. Wancan ƙarya ce tsagwaronta, Allah da kansa ya wanke ta. Amma dubi waɗanda suka faɗa ciki. Kishiyarta, Nana Zainab bint Jahsh, da aka tambaye ta ba ta faɗi komai ba sai alheri. 'Yar'uwar Zainab ɗin, Hamna, ita ce ta ɗauki maganar tana yaɗawa don taya 'yar'uwarta kishi, kuma tana cikin waɗanda aka yi wa haddi. Sau nawa muka ga haka? Mai ciwon ta yi shiru tana kuka a ɗaki, masu taya ta kishi su ne a guruf. Yayarki ta Dogon Daji da ta tura, da aminiyarta ta Kebbe da ta ƙara gishiri, kowace ta furta zargin da bakinta tana iya amsa nata sammacin.

Imam Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa bayan al'amarin Ma'izu, Manzon Allah (SAW) ya nuna wa Hazzal, wanda ya ba shi shawarar zuwa ya tona kansa, cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa alheri. Wannan a kan laifin da mai shi ya amsa da bakinsa ke nan.

Dokar ƙasa ma ba ta ba ki lasisi ba

Wasu za su ce to a kai maganar kotun majistare mana, can ai gaskiya ita ce kariya. A nan akwai rabe-rabe. Idan ƙarar neman diyya ce saboda ɓata suna, irin wadda muka gada daga dokar Ingila, tabbatar da gaskiyar magana na kare mai ita. Amma nauyin tabbatarwar a wuyanki yake, kuma abin da kika faɗa ɗin za ki tabbatar, ba wani abu kusa da shi ba. Idan kin ce "suna zina", hoton hira bai kai nan ba.

Idan kuma tuhumar laifi ce, kundin Final Kod na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sa ɓata suna a sashe na 391, hukuncinsa a sashe na 392: ɗauri har shekara biyu, ko tara, ko duka. Gaskiya kaɗai ba ta isa kariya a can ba, sai an haɗa da cewa bayyana ta amfanin jama'a ne. Jihohi sun yi wa kundin gyare-gyare tun daga lokacin, lambobin sassa na iya canzawa, don haka lauya ne zai gaya miki yadda yake a yau. Amma ki tambayi kanki tun yanzu: wane amfani mata 80 da ke guruf ɗin adashi suka samu da jin sirrin gidan wance? Idan kuma hotunan tsiraici ne kika tura, kin buɗe wa kanki wata ƙofar daban, ta dokar laifukan intanet ta 2015.

Ba mu kaɗai ne ke da irin wannan ba. A Koriya ta Kudu kotun tsarin mulki ta soke laifin zina daga dokar ƙasar a 2015, amma sashe na 307 na kundin laifukansu yana hukunta wanda ya ɓata sunan wani a bainar jama'a ko da gaskiya ya faɗa, kuma a watan Fabrairun 2021 kotun ta tabbatar da sashen da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Japan ma sashe na 230 na dokarta bai damu da gaskiya ne ko ƙarya ba, sai in maganar ta shafi amfanin jama'a. A Amurka ne gaskiya ke wanke mai magana kusan a ko'ina, mu kuwa ba can muke zaune ba.

Ba an ce ki haɗiye ki mutu ba

A nan ne nake rabuwa da masu wa'azin "yi haƙuri" da ba su san wata kalma ba bayan ita. Mace ta gano mijinta na neman mata, ko ta ga abin da ya tayar mata da hankali, a ce ta rufe baki ta ci gaba da tuƙa tuwo kamar ba komai? Addini bai ce haka ba. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta. Uku daga ciki naki ne kai tsaye: kai kuka ga wanda zai iya cire miki zalunci, neman taimakon wanda zai iya hana ɓarnar, da neman fatawa. Hindu bint Utba ta je gaban Manzon Allah (SAW) ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, kuma bai tsawata mata ba, ya ba ta mafita.

Bambancin yana ga wa kika gaya wa, da kuma me kika ce. Waliyyinki, mahaifinsa ko yayansa da yake jin nauyi, limamin unguwa, alƙali: waɗannan suna da abin yi a kai. Guruf ba shi da abin yi sai dariya da turawa gaba. Kuma ko a gabansu, ki tsaya a kan abin da idonki ya gani. "Baba, na ga saƙonni a wayarsa da ba su dace ba, ga su. Kwana uku ke nan ba ya dawowa sai bayan ƙarfe ɗaya." Wannan magana ce da za ki iya tsayawa a kanta ko'ina. "Yana zina da wance" kuwa magana ce da ke neman maza huɗu, kuma ta jawo mutum na biyu da iyalinta ciki.

Ki kuma san wannan, don kada wani ya ruɗe ki. Miji idan ya zargi matarsa ba shi da shaidu, shari'a ta ba shi hanyar li'ani: ya rantse sau huɗu, na biyar ya kira wa kansa la'ana in ƙarya yake, ita ma ta rantse sau huɗu, na biyar ta kira wa kanta fushin Allah in gaskiya ya faɗa, daga nan an raba su har abada. Mace ba ta da li'ani a kan mijinta. Abin da take da shi a Malikiyya shi ne neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ko kuma hul'i. Cutarwa kuwa ana tabbatar da ita da abubuwan da maƙwabta ke gani: ƙaurace wa shimfiɗa, rashin ciyarwa, duka, zagi. Ba ki buƙatar furta kalmar da za ta juyo da shari'ar kanki kafin ki samu haƙƙinki. Wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya neman ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa a Sakkwato.

Kafin duk wannan ma, ki je asibiti a gwada ki. Wannan ba zargi ba ne, ba ya buƙatar shaida ko ɗaya, kuma idan kina shayarwa ko kina da ciki, ba lafiyarki kaɗai ake magana ba.

Saura tambayar da ta fi wuya, wadda na san wasunku za su yi: idan mijin aminiyata ne na gani, in gaya mata ko in yi shiru? Ni dai ra'ayina, idan jita-jita ce kika ji, ki bar ta inda kika same ta. Idan da idonki kika ga abin da ke iya jawo mata cuta, ki fara da wanda zai iya tsawata masa a asirce, cikin danginsa. In ya zama dole ita ce za ta ji, ki same ta ita kaɗai, baki da baki, ba ta waya ba, ki faɗi abin da kika gani kawai ba abin da kika fassara ba. Haka idan aka zo binciken aure aka tambaye ki halin wani yaro da ke neman 'yar maƙwabta. Nasiha a nan wajibi ce, Manzon Allah (SAW) da kansa ya gaya wa Faɗima bint Ƙais aibin mutum biyu da suka nemi aurenta. Amma yawanci "ban ba ku shawarar ku ba shi ba" ta isa. Idan suka matsa sai kin faɗi dalili, ki ba su gwargwadon abin da zai sa su gane, ki tsaya nan.

Ita kuwa yarinyar da ake shirin kawo wa lefe bayan salla, wadda sunanta ya shiga saƙon murya don kawai ita 'yar wance ce, ba ta taɓa ganin hirar ba. Dangin saurayin a Kebbe sun riga sun saurara, har sau biyu.